Yadda Muka Kai Tandu Baje-Koli a Cikin Buhun Dusa

Tun da muka dawo daga arewa ban ci tuwo da zafinsa ba. Duk wanda ya tarar da ni a ƙofar gida sai ya ja tabarma ya zauna, ya ce, "Ilu, yaya fuwar ɗin?" Har waɗanda ba su san ko fuwar abin ci ba ne sun iya faɗin sunan. Na gaji da maimaitawa, ga shi kuma Wakili yana ba da nasa labarin a kasuwa, kullum yana ƙara masa ƙiba kamar ragon layya. Shi ya sa zan faɗe shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa, ni kuma a bar ni in huta.

Ni ɗan koli ne, mutumin Gagarawa. Allura, madubi, kwalli, zobe, tsakiya, turare, su nake ɗorawa a jaki in bi kasuwanni. Muna da taronmu na 'yan koli, reshe ne na babban taron da ke Gumel. Can akwai Sarkin Koli, mu kuma nan muna da Wakili Tanimu, dogon mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa shiga magana ya fito ba tare da ya yi gaskiya ba, a wurinsa. Aikin taronmu ba ya wuce raba mazauni ranar kasuwa, wa zai baje a inuwar tsamiya wa zai sha rana, sai cin tarar wanda ya karya farashi, sai kuma zagin kantunan Kano, waɗanda tun da jirgin ƙasa ya iso can suke cika ƙasa da kwalabe da gwangwanaye. Wannan zagin shi ya fi cin lokaci, kuma har yau ban ji kanti ɗaya ya rufe saboda shi ba.

Muna da doka guda da ta girmi kowa a cikinmu: abin kirki ba a baje shi. Wanda ya fi kyau yana can ƙasan jaka, sai mai saye na gaske ya zo a ja shi gefe a nuna masa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasarmu in babban mutum ya tsaya a gaban tabarmarka ya ce, "Wannan da kyau," amsa ɗaya ce ta rage maka, ka ce, "Naka ne, ranka ya daɗe." Yaronsa ya ɗauka, kai kuma ka yi godiya. Kakanninmu sun yi ta wannan godiyar har suka gaji suka koyi ɓoyo, mu muka gada.

To, ana cikin rani sai labari ya zo daga kasuwar Maigatari cewa an yi shela: Kwamandan wani bariki a ƙasar Damagaram, wadda ke hannun Faransa, zai yi taron nunin kaya. Su suna ce masa fuwar, mu muka ce baje-koli. Kowane taron 'yan kasuwa ya zo da kayansa mafi kyau, da mai sana'ar hannu guda. Kwamanda zai zaga ya duba, wanda aikinsa ya fi a ba shi rumfa a kasuwar bariki, sannan a buɗe ƙofa fatake su shigo su yi ciniki.

Muka zauna a zauren Wakili. Audu Mai Allura, wanda aikinsa a taro shi ne ya faɗi abin da Wakili ke shirin faɗa, ya fara.

"Bature ya ce a kwaso mafi kyau a shimfiɗa masa a gabansa? Jama'a, ai ko yaro ya gane wannan. Ya gaji da bin kasuwa ɗaya-ɗaya ne, yana so a tara masa wuri guda."

Kowa ya ce haka ne. Na ce to sai mu yi zamanmu. Wakili ya dube ni kamar na taka masa rawani.

"Mu zauna? 'Yan kolin Maigatari za su, a ce Gagarawa ta ji tsoro? Za mu, Ilu. Za mu baje, amma ba za mu nuna ba."

Aka yi ta jinjina wannan magana har aka raba goro a kanta. Aka yanke cewa kowa ya tattaro kwantan kayansa: allurai masu tsatsa, madubin da ya makance, turaren da ya koma ruwa. Ni kaina na samu hanyar rabuwa da wasu zobba da suka yi kore tun zamanin wuri. Haka muka ɗaure kayan da ko a kyauta sai an roƙi mutum ya karɓa, muka kama hanya da fuskar mutanen da za su fitar da garinsu kunya.

Zangon farko Gumel, don neman albarkar Sarkin Koli. Muka tarar ƙafarsa ta kumbura, ta kuwa kumbura ne ranar da aka ce akwai tafiya. Ya ji shawarar da muka yanke, ya ce tun da yake bai taɓa jin hikima irinta ba, ya shiga ciki ya fito mana da nasa kwantan mu tafi masa da shi. Daga nan gardama ta tashi a kan jakin da zai shige gaba, na Wakili ko wanda ke ɗauke da tarkacen Sarki. Aka kira dattawa, aka ci tuwon gero da miyar kuka, aka sake zama. A ƙarshe aka ce su jera kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya san hanyar rairayi ya san ba ta ɗaukar jaki biyu a jere, saboda haka daga Gumel har inda muka je ɗaya yana kan hanya ne ɗaya yana cikin ƙaya, ana musanyawa.

Sai a nan aka tuna da sharaɗin mai sana'ar hannu. Mu 'yan koli ba abin da muke ƙerawa sai farashi. Dole muka karkata yamma zuwa Sule Tankarkar, inda a wani ƙauye wajen Ɗanzomo akwai wani tsoho, Baba Hamidu mai tandu.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Tandu ɗan gidan kwalli ne ko na mai ko na turare, da fata ake yinsa. A gina siffarsa da yumɓu, a kankare ɗanyen ƙirgi har ya yi laushi kamar tsumma, a lulluɓe, a shanya, a yi masa zane da rini, in ya bushe a farfasa yumɓun a zazzage. A da ba amaryar da za ta tare ba tandu a ratayen ɗakinta. Ni kaina na ci abinci da tandun Baba Hamidu shekaru, kafin mata su gano kwalba.

Muka tarar da shi a gindin dalbejiyarsa, ɗan ƙaramin tsoho mai faratan da rini ya cinye. Ɗansa Sale, magidanci mai 'ya'ya, yana gefe yana gyaran wata igiya. Da Wakili ya faɗi abin da ke tafe da mu, sai na ga idon tsohon ya kawo ruwa. Ashe akwai wani tandu da ya daɗe yana yi, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gani sai ɗansa. Ashe kuma akwai magana a tsakaninsu, Sale bai ɓoye ta ba.

"Baba, ni ban raina sana'ar gidanmu ba. Amma yaushe rabon da wani ya yi sallama a ƙofar nan don tandu? Ka je da shi. In fatake suka gani suka ce a yi musu, wallahi ina nan, zan kankare ƙirgi har in yi furfura. In kuwa ba haka ba, ka yafe mini, kafin ruwa ya sauka zan kwashi iyalina mu tafi Kano dakon gyaɗa."

Tsohon ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zane, ya durƙusa zai kwance. Wakili ya yi tsalle kamar an ce maciji.

"Kada ka buɗe, Malam Hamidu! Abin da ido ya gani baki ba ya riƙewa. Audu, kawo buhun dusar jakuna."

Aka tura naɗin a tsakiyar dusa, aka ɗaure baki, aka ɗora a jakina don shi ne ba wanda ke gardamar matsayinsa. Aka ce wa tsoho ya ɗauko wasu tsofaffin tanduna biyu da suka tsage, su za a baje. Ya ɗauko ba musu. Da muka yi nisa na rage tafiya na jera da shi.

"Baba, ka san ba don hanya kaɗai aka ɓoye shi ba? Ko can ba za su bari ka fito da shi ba."

"Na sani, ɗana," ya ce. "Mu dai je."

Tun daga nan har iyaka hannunsa bai bar kan buhun nan ba. Jakina kuwa ya gano abin da ke bayansa, duk inda aka tsaya sai ya lanƙwasa wuya yana neman yaga buhun. Haka suka yi ta fama, tsoho na kare tandu, jaki na neman haƙƙinsa.

Maigatari ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ta: raƙuma, shanu, kanwa, Buzaye da Fulani da dillalai kowa yana rantsuwa da abin da bai gani ba. Muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar baƙin 'yan kasuwa, mai fara'a da ƙaramin ludayi. Abin da ya kamata ku ji shi ne horon da Wakili ya ba mu a bayan gidan. Ya jera mu da la'asar, ya ce kowa ya gwada fuskar da zai yi in Kwamanda ya tsaya a kansa. Ana so a langaɓe kai, a sauke kafaɗa, a ce, "Kasuwa ta mutu, ranka ya daɗe, sai abin da ka gani." Audu ya yi har da ajiyar zuciya, aka yaba masa. Ni aka ce fuskata ta cika ƙoshi, in rage fura. Matan gidan suna leƙe ta katanga, ɗaya ta aiko tambaya ko rasuwa aka yi mana.

A nan ne wata Bafulatana mai tallan nono ta hango ɗan tandun tabar shaƙa da ke rataye a wuyan Baba Hamidu. Ta ajiye ƙwarya ta karɓa tana juyawa.

"Ayya, innata tana da irinsa! Ashe har yanzu ana yi?"

"Ana yi, 'yata. Ni nake yi."

Ta ce Allah ya yi albarka, ta mayar masa, ta ciro ɗan gwangwani daga lalitarta ta gyara kwallinta, ta ɗauki ƙwarya ta wuce.

Iyaka kuwa, ku da kuke tsammanin ganuwa ce ko kogi, tarin duwatsu ne da turke a tsakiyar gonar wani bawan Allah. Ya ce mana geronsa na kudu na Ingila ne, na arewa na Faransa, amma tsuntsaye ba su san da wannan ba. Can gaba kaɗan akwai bukka da gardi biyu masu jajayen huluna, su ne dogaran wancan ɓangaren. Babban ya ce a sauke kaya a kwance. Ya ɗauki madubi ya duba bai ga kansa ba. Ya ɗauki allura ta karye a hannunsa. Ya shinshina turare ya yi atishawa. Mu kuwa muka langaɓe kai kamar yadda aka koya mana.

"Da wannan za ku fuwar?" ya ce. "Kai, Ingilishi sun gama da ku."

Tausayinmu ya kama shi har ya ba mu sauran dambun da suka ci. Wakili ya karɓa da hannu biyu, yana waiwayenmu da ido, wai mu ga aikin dabara. Sai ƙaramin gardin ya zo kan buhun dusa ya zira masa wani dogon ƙarfe. Na ji Baba Hamidu ya yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Ƙarfen ya shiga ya fito da dusa kawai. Kafin ya sake zirawa jakina ya ga an buɗe masa ƙofa, ya kai baki, ya haɗa da hannun rigar gardin. Aka yi ta dariya, aka kore mu. Ranar na ƙara wa jakin nan dusa da hannuna.

Dabarar Wakili ta ci gaba da haihuwa a garin barikin. Fatoman da aka nuna mana ya dubi kayanmu sau ɗaya, ya dubi na 'yan Maigatari, ya ba su zaure mai daɓe, mu ya kai mu rumfar da ke jikin garken awaki. Don su 'yan Maigatari kayan kirki suka kawo, a fili, ba kunya. Wakili ya ce zama kusa da Faransa ya taɓa musu kai, mu bar su za su gani.

Mutanen can Hausarsu ɗaya da tamu, sai 'yan kalmomin Nasara da suke tsarmawa. Furarsu da kauri, suna marmasa cuku a ciki, ruwan rijiyarsu kuma kanwa-kanwa, wanda ya sa cikin Audu ya yi ta shela ba a sa shi ba. Akwai wani abinci da kukun bariki ke gasawa, dogo kamar taɓarya, bayansa tauri cikinsa iska, burodi suke ce masa. Wakili ya gutsura ya ce an cuce su, an sayar musu da ɓawo an cinye tuwon. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu. Mu in mun ga mai mulki sai mu tuɓe takalmi mu zube. Su sai su miƙe ƙyam su kai hannu goshi kamar masu hangen wata. Wakili ya rasa wadda zai ɗauka, ya yanke shawarar haɗa biyun, ya durƙusa da hannu a goshi.

Ranar fuwar aka kewaye wani fili da zana, aka ja igiyoyi, kowane taro da rumfarsa. Fatake suna waje da raƙumansu, Buzaye da mutanen Damagaram da na gabas, suna jiran a buɗe. Na zaga na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Masaƙa sun baje luru, dukawa sun rataye sirdi da jakunkuna, maƙeran farfaru sun zuba azurfa a kan baƙin zane, kowa ya sa mafi kyau a sama, a gaban idon kowa. Na dawo rumfarmu na dubi allurai masu tsatsa da tanduna biyu masu tsaga, kunya ta rufe ni har wuya. Baba Hamidu yana zaune a baya kusa da buhun dusa, Wakili ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bakin buhun kamar mai hutawa.

Da hantsi Kwamanda ya fito, wani gajere mai jan wuya da lofe a baki, tafinta na biye da shi. Ina kallonsa tun daga nesa. Ya tsaya wurin masaƙa ya yaba, ya wuce. Ya ɗaga sirdi ya yaba, ya ajiye. Ba wanda ya ce masa nasa ne, shi ma bai waiwayi gardi ba. Na taɓa Wakili na ce ya duba. Ya ce, "Yana ƙirgawa ne, sai an watse zai aiko."

Ya iso kanmu. Muka zube, muka langaɓe, Audu ya saki ajiyar zuciyarsa tun ba a tambaye shi ba. Kwamanda ya dubi tabarma, ya dube mu, ya yi magana.

"Yana tambaya ina mai sana'arku, me ya yi?" in ji tafinta.

Wakili ya nuna tanduna biyun nan da baki. "Kasuwa ta mutu, ranka ya daɗe, sai abin da ka gani."

Bature ya taɓa ɗaya da kan sandarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya juya zai wuce. Sai na ji motsi a bayana. Baba Hamidu ya kama ƙafar Wakili da hannu biyu ya ɗauke ta daga kan buhun ya ajiye a ƙasa, a hankali, kamar mai kawar da tukunya. Ya kwance igiya, ya zazzage dusa a kan allurai da madubai da tarkacen Sarkin Koli, ya ciro naɗin ya warware.

Ni na ɗauko abin nan a jakina tun daga Sule Tankarkar, amma sai a lokacin na gan shi. Uwar tandu ce babba kamar gora, da 'ya'ya kewaye da wuyanta, kowanne da murfinsa, an haɗa murafun da siririn kitson fata. Ja da baƙi da ruwan zuma, zanen ya bi jikinsa ba inda ya karkace. Ya ɗaga shi sama, rana ta ratsa fatar, har inuwar yatsunsa ana gani ta ɗaya gefen. Masaƙan da ke maƙwabtaka da mu suka bar rumfarsu suka matso. Na yi shekaru ina sayar da tandu, ban san ana yin haka ba.

Kwamanda ya cire lofe daga baki. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya, ya buɗe murfi ɗaya ya mayar, ya yi wata doguwar magana.

"Ya ce tun da ya zo ƙasar baƙar fata bai ga aiki mai kyan wannan ba," in ji tafinta.

"Naka ne, ranka ya daɗe!"

Wakili ne. Na rantse bai yi shawara da kansa ba, bakin ne ya buɗe don kansa kamar yadda ya saba buɗewa tun yana saurayi. Tafinta ya dube shi ya rage murya.

"Kai dattijo, nan ba a haka. Kallo kawai yake, zai ajiye. In faɗa masa, ko in yi shiru?"

"Faɗa masa mana! Babba ya yaba abu a bar shi ya tafi hannu wofi? Mu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

"Nasa ne, nasa ne," in ji Audu da sauran.

Na ce, "Wakili, tsaya, ba naka ba ne da za ka bayar." Ya ce in rufe masa baki a gaban manya. Tafinta ya fassara. Kwamanda ya girgiza kai ya miƙo tandun. A wurinsu wannan a'a ce. A wurinmu kuwa ita ce alamar a ƙara matsawa, don ba babban da ke karɓa tun a tayin farko. Wakili ya ja da baya ya ɓoye hannuwa, yana rantsuwa cewa in aka mayar an ci mutuncin Gagarawa da Gumel gaba ɗaya. Bature ya sake miƙowa, aka sake rantsuwa. Daga nan ya juya wajen tsohon.

"Yana tambayarka kai da ka yi. Da yardarka?" in ji tafinta.

Ina kallon Baba Hamidu. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ɗansa. Amma shi ma ɗan ƙasar nan ne, a nan ya tsufa. Ya ƙaryata shugaban tafiyarsa a bainar jama'a, ya karɓe kyauta daga hannun mai mulki? Ya sunkuyar da kai.

"Nasa ne," ya ce.

Tafinta ya yi tsaki a hankali. Shi ya yi mana bayanin sauran: abin da ya zama na Kwamanda ya fita daga gasa, don mutum ba zai ba kayansa rumfa ba. Gardi ya naɗe tandun a zanen da ya zo ciki, ya bi ta ƙofar baya zuwa bariki. Bai daɗe da ɓacewa ba aka buga ganga aka buɗe wa fatake.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yinin ba. Fatake suka cika fili, suna ɗagawa suna tayawa. 'Yan Maigatari da aka ce sun haukace suka sayar da kayansu kaf, ba wanda ya aiko a karɓi ko zare. Wani baduku ya samu rumfar. Baba Hamidu kuwa ya tare wani Buzu yana kwatanta masa da hannu, ga girmansa, ga 'ya'yan, ga yadda rana ke ratsawa. Buzun ya saurara da ladabi, ya dubi tsagaggun tanduna biyu da ke cikin dusa, ya gyara amawali ya wuce. Na bi tafinta har ƙofar bariki na roƙe shi a ara mana abin ko na rabin yini. Ya ce an riga an sa shi a akwati da ciyawa, zai bi kayan Kwamanda zuwa ƙasarsu, ya kuma ce shi ya yi iya nasa tun da safe.

Da yamma aka aiko da tukuici, wata kwalbar turare mai murfin gilashi. Aka ce a ba wanda ya yi kyautar. Wakili ya karɓa.

A hanyar dawowa ba wanda ya kai shi walwala. Tun kafin mu kai iyaka ya fara.

"Ban gaya muku ba? Ko ƙiftawar ido bai yi a fili ba aka ɗauke shi! Da mun baje namu na kirki da yanzu tsirara za mu koma. Ku riƙa jin maganar manya."

Audu ya ce wallahi Wakili kamar yana gani har hanji. A Maigatari suka zauna suka ci Baba Hamidu tarar goro saboda karya dokar taro da zuba dusa a kan kayan Sarki. Na ce duk wanda ya je karɓar goron nan sai ya fara bi ta kaina. Aka ce an ɗage maganar, ba a soke ba.

Ni na raka tsohon gida, buhu ba komai a kan jaki. Sale yana ƙofa, ya hango mu ya taso da sauri ya karɓi sandar ubansa. Ya dubi jaki, ya dubi hannun tsohon, fuskarsa ta ɗan saki, don ya zaci an sayar.

"Sannu da hanya, Baba. Sun gani?"

"Mutum ɗaya ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya ce da kyau."

Sale ya tsaya yana jiran sauran maganar. Da ya ga babu, ya kawo mana ruwa, ya shiga ciki. Muna zaune muka ji yana ce wa matarsa ta fara haɗa tukwane.

Ruwan farko ya same su a Kano. Na biya ta ƙauyen kwanan baya, na tarar da Baba Hamidu a gindin dalbejiya shi kaɗai. Ƙirgin da ya jiƙa ya bushe a inda yake, don kankara aikin mai ƙarfi ne, hannunsa kuma ya daina.

Taronmu ya zauna makon jiya, don an ce baɗi ma za a yi fuwar. Wakili ya zo da kwalbar nan, turaren ya ƙare ya zuba kwalli a ciki. Aka ƙara doka cewa duk mai sana'ar da zai bi mu, a bincike kayansa tun daga gida, kada a sake samun mai fito da abin kirki. Kowa ya ce madalla. Sai Audu ya tambaya wane mai tandu za mu ɗauka a wannan karon. Aka fara lissafi daga Gagarawa, aka bi Gumel, aka bi Sule Tankarkar har bakin iyaka. Ba a samu ko ɗaya ba.